Naɗa tabar siga a gida lokacin sanyi: Tambayoyi da amsoshi

A arewacin Amurka da Kanada akwai mutanen da ba sa sayen tabar siga a kanti. Ganyen suke nema, wasu ma su noma shi a bayan gida, su naɗa abinsu da hannu. Galibinsu sun fi zama wannan aiki idan dusar ƙanƙara ta rufe gari, alhali a lokacin ne ganyen ya fi gardama.

Mece ce tabar siga, kuma me ya raba ta da sigarin da ke kan teburin mai shayi?

Sigari yankakkiyar taba ce da aka zuba cikin takarda, kuma tabar da ke cikin kara ɗaya ba ta cika giram 1 ba. Ita siga da ake naɗawa da hannu ganye ce zalla daga ciki har waje, ba takarda, ba audugar tace hayaƙi. Hawa uku gare ta: ganyen ciki da ake dunƙulawa, ganyen ɗauri da ke riƙe shi, sai ganyen rufi mai santsi wanda ido ke gani. Babbar siga ɗaya na iya ɗaukar taba giram 5 zuwa 20, wato mafi girmansu kan kai kusan abin da ke cikin kwalin sigari guda, kuma mai shan ta kan yi awa ɗaya ko fiye yana kanta.

Abin ya daɗe. A shekarar 1492 mutanen Kolumbas suka tarar da ƴan ƙabilar Taino a tsibirin Kuba suna busa naɗaɗɗen ganye. Har yau yankin Vuelta Abajo na Kuba ne ya fi suna, sai Nikaraguwa da Jamhuriyar Dominika da Honduras. Duka ƙasashe ne masu zafi da laima, kuma nan ne matsalar mai naɗi a ƙasar sanyi ta samo asali.

To me ya sa sai da sanyi suke zaman naɗi?

Tsarin noman ne ya kawo haka. A kwarin kogin Konetikat da jihar Fensilbeniya ana dasa taba a ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni, a yanke ta wajen Agusta, a rataye ta a rumfa ta yi makonni shida zuwa takwas tana bushewa da iska. Kafin ganye ya kai a yi aiki da shi, sanyi ya riga ya shigo. Manoman Amish (wata al'ummar Kiristoci masu riƙe da tsohon salon rayuwa) na yankin Lankasta a Fensilbeniya har yanzu da sanyi suke zama su cire ganye daga kara su tantance shi, tun da ba aikin gona a waje. Mai naɗin gida gadon wannan lokaci ya yi. Ga kuma dogon dare, rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar na yamma, mutum na neman abin da zai shagaltar da hannunsa.

Sanyin ne yake lalata ganyen?

A'a, bushewar iska ce. Wannan shi ne abin da sabon shiga ya fi kasa ganewa.

Iska mai sanyi ba ta iya riƙe ruwa da yawa. A digiri 0 na ma'aunin Salsiyos, mita ɗaya ta kowace fuska ta iska ba ta ɗaukar fiye da kimanin giram 5 na tururin ruwa. A digiri 20 tana ɗaukar giram 17. Idan iskar waje mai digiri 0 da laima kashi 80 cikin ɗari ta shigo gida aka ɗumama ta da hita zuwa digiri 20, ruwan da ke cikinta bai ƙaru ba, amma ƙishinta ya ninka fiye da sau uku, sai laimar ta faɗo zuwa kashi 22 ko makamancin haka. Ganyen taba kuwa ya fi son kashi 65 zuwa 70. Yana tsotsar ruwa daga iska, yana kuma saki cikin sauri, don haka ganyen da aka fitar da laushinsa yana iya komawa ƙarau-ƙarau cikin ƴan mintuna, ana taɓa shi ya ruguje.

Wanda ya yi hunturu a Kano ko Damagaram ba sai an yi masa dogon bayani ba. Laimar iska a tsakiyar hunturu tana sauka ƙasa da kashi 20, kuma abin da take yi wa leɓe da diddige shi ɗakin da aka kunna wa hita yake yi wa ganyen taba.

Shi ya sa tsofaffin manoman taba ba sa sauke ganye daga rumfa a ranar da gari ya bushe. Jira suke a yi hazo ko yayyafi, ganyen ya sha laima ya yi laushi, sannan su ruga su sauke shi, ko da tsakar dare ne.

Yaya masu naɗin ke shawo kan wannan?

Da ruwan feshi da leda da haƙuri. Wahalar ita ce hawa ukun nan kowanne da irin laimar da yake so. Ganyen ciki ana barin sa kusa da bushewa, ya dai lanƙwasu ba tare da ya karye ba. Ganyen ɗauri a jiƙa shi kaɗan. Ganyen rufi kuwa sai ya yi laushi sosai har yana miƙewa, saboda haka akan fesa masa ruwa a kulle shi cikin leda ya kwana.

Daga nan a zare jijiyar tsakiya, a dunƙula ganyen ciki yadda iska za ta samu hanya, a naɗe shi da ganyen ɗauri, a sa cikin mazubin katako a matse na wani lokaci ana juya shi. Sai a yanka ganyen rufi da wata faffaɗar wuƙa mara ƙota wadda ƴan Kuba ke kira chaveta, a naɗa shi a karkace tun daga ƙasa har kai.

Da sanyi, mai wayo ganye ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, sauran na ƙarƙashin jiƙaƙƙen tsumma. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya gaji da karyewar ganye ya jiƙa komai sharkaf. Ganyen ciki idan ya jiƙe yana mannewa da juna, sigar ta toshe, a yi ta ja hayaƙi ba ya zuwa. In kuma aka ajiye ta a haka, fumfuna ce za ta biyo baya.

Akwai hannun Afirka a cikin sana'ar nan?

Akwai, ta wuri biyu. Kan sigar ana liƙe shi da ɗanƙon tsiro mara ɗanɗano, kuma cikin abin da masu naɗin gida ke amfani da shi har da ƙaro, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa samarwa, Chadi da Najeriya na biye. Na biyu, ɗaya daga cikin ganyayyakin rufi mafi daraja a duniya a gabashin Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ake noma shi. Sai dai siriri ne ƙwarai, ba ya jure bushewa, don haka da sanyi ba kowa ke kusantar sa ba.

Ana gama naɗi sai a kunna?

Ana iya yi, amma ba za ta ci wuta da kyau ba, tun da rufin a jiƙe yake. Yawanci akan bar ta ta sha iska kwana biyu, sannan a sa ta a akwatin da aka daidaita laimarsa, zafinsa wajen digiri 18 zuwa 21, ta yi makonni.

Wanda ya noma ganyensa da kansa yana da ƙarin aiki kafin nan. Busasshen ganye kawai yana da ƙauri da kaifi. A Kuba tara ganyen ake yi tuli-tuli da laimarsa, ya yi zafi da kansa ya riƙa fitar da amoniya. Mai ɗan ganye kaɗan ba zai samu wannan zafin ba, musamman a watan Janairu, sai ya haɗa akwatin ɗumi, sau da yawa daga tsohon firji, ya riƙe shi wajen digiri 50 na kimanin wata guda.

Me ya sa siga ke tsagewa idan an fita da ita waje?

A gidaje da dama ba a yarda a busa ta a falo, saboda warinta na kama labule ya ƙi fita, sai maigida ya yi waje. Can busasshiyar iska na tsuke ganyen rufi, yayin da zafin wuta da tururin da ke bin hayaƙi ke kumbura ganyen ciki. Na waje na matsewa, na ciki na buɗewa, rufin ya dare. Maganin da suke yi shi ne su naɗa gajeru waɗanda za a gama cikin minti ashirin ko talatin, su kuma zaɓi ganyen rufi mai kauri irin wani faffaɗan ganye da ake nomawa a Konetikat. Duk da haka, hancin da ya daskare ba ya jin ƙamshi sosai, kuma ƙamshin ne aka sha duk wahalar dominsa. A ganina cinikin bai biya ba.

Su kuma masu shiga gareji su kunna hitar gas fa?

Nan ne haɗarin da ya fi kusa yake. Hitar gas ko ta kananzir a rufaffen wuri tana iya fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe iyalai idan an kwana da janareta ko kaskon gawayi a ɗaki. Sigar ita ma tana fitar da wannan iska, fiye da sigari nesa ba kusa ba, tun da tabarta ta fi yawa kuma ta fi daɗewa tana ci. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamun farko, kuma mai busa siga yana iya ɗauka ƙarfin taba ne ya kama shi, ya ci gaba da zama.

Wanda ya zauna a waje shi ma bai tsira ba. Nikotin na tsuke jijiyoyin jini, sanyi ma haka, sai jinin da ke isa yatsu ya ragu ta fuska biyu, a hannun da aka cire wa safa don riƙe taba.

Tun da ganye ne zalla ba haɗin kamfani, ba ta fi sigari sauƙin illa ba?

Wannan zance masu naɗin gida na son sa, amma ba shi da tushe. Gubar ba daga takarda ko kamfani take fitowa ba, tana cikin ganyen da kuma ƙona shi. Busarwa da turara ganyen da ake yi don ya yi daɗi su ne ma ke ƙara sinadaran nitrosamin masu jawo ciwon daji. Masu cewa ai ba sa haɗiye hayaƙin su ma ba su kuɓuta ba, domin nikotin ɗin siga ta fatar cikin baki yake shiga jini. Cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka ta fitar da babban rahoto kan siga a 1998, inda ta danganta shan ta da dajin baki da maƙogwaro da maƙoshi da huhu. Wanda ya saba da sigari kafin ya koma siga kuwa yakan zuƙe hayaƙin har ƙirji ba tare da ya lura ba.

Doka ta yarda mutum ya naɗa tasa?

A Amurka dokar tarayya ba ta hana mutum noma taba ya naɗa don shan kansa ba. Da zarar ya ce zai sayar, sai da lasisi da biyan haraji. Tun watan Disambar 2019 kuma ba a sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba kowace irin taba.

Sigar Kuba kuwa tana ƙarƙashin takunkumin da Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba a Fabrairun 1962. An ɗan sassauta wa matafiya a zamanin Obama, aka sake rufewa a Satumbar 2020. Wannan ya sa masu noman bayan gida ke neman irin da asalinsa na Kuba ne, kamar Corojo da Criollo, su shuka a jihohin Amurka irin su Ohayo. Yana fitowa, yana yin ganye, amma ƙasa da rana da laimar Vuelta Abajo ba sa zuwa cikin ƙunshin iri, kuma ɗanɗanon da suke samu na gonarsu ne.