Ma'anar kalmar "tsedaka" a wurin Yahudawa

Duk wanda ya ji Bayahude ya ce "tsedaka" zai ɗauka sadaka ce aka karkata mata harshe, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Ibrananci da Larabci 'yan'uwan juna ne, kalmomin biyu saiwarsu ɗaya. Sai dai a Ibrananci saiwar, wato "tsedek", adalci take nufi. Shi ya sa a wurinsu abin da ka miƙa wa matalauci haƙƙinsa ne da ya maƙale a hannunka. Wajen nauyi, ta fi kusa da zakka bisa ga sadakar ganin dama.

A gona abin ya faro. Attaura, a sura ta 19 ta Littafin Firistoci, ta hana manomi girbe gonarsa har gefe, ta kuma hana shi komawa yin kala. Abin da ya rage na matalauci ne da baƙo. Daga baya malaman Mishna, tsohon kundin dokokin Yahudawa, suka ce kada gefen da za a bari ya gaza kashi ɗaya cikin 60 na amfanin. Mabuƙaci zai shiga ya ɗiba da hannunsa, ba sai ya tsaya ƙofar gida yana sallama ba.

A garuruwa kuwa, a zamanin da, akwai asusun jama'a da ake rabawa duk Juma'a, da akushin abinci na kullum wanda har matafiyi yana da rabo a ciki. Mutum biyu ke tara kuɗin asusun, uku ke rabawa. Talmud, littafin da ya yi sharhin Mishna, ta ce a ciyar da matalautan da ba Yahudawa ba tare da na Yahudawa saboda zaman lafiya, kuma ko wanda ke ci daga asusun sai shi ma ya bayar.

Wanda ya fi kowa tsefe maganar shi ne Musa bin Maimun, malami kuma likita, haifaffen Kurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a Masar a 1204. Ya kasa bayarwa matakai 8, kuma a nan ne na ga hikimar. Ma'auninsa shi ne kunyar mai karɓa. Can ƙasa akwai mai bayarwa yana ɗaure fuska. Wanda ya ba da kaɗan da fara'a ya ɗara shi, wanda ya bayar tun kafin a roƙe shi kuma ya ɗara wanda sai an roƙa. Kusa da ƙololuwa akwai kyautar da mai bayarwa bai san wa ya karɓa ba, mai karɓa ma bai san daga ina ta fito ba, don kada su haɗu a kasuwa ɗaya ya sunkuyar da kai. Matakin ƙololuwa kuwa, a ba mutum rance, ko a yi haɗin jari da shi, ko a sama masa aiki, har ya daina buƙatar kowa. Abin mamaki, rancen da za a dawo maka da shi ya ɗara kyautar da ka sallama.

Bisa al'ada akan fitar da kashi ɗaya cikin 10 na abin da aka samu, malamai kuma sun yi gargaɗin kada a wuce ɗaya cikin 5, don kada mai bayarwa ya wayi gari shi ma yana nema. A gidaje da yawa akwai ɗan akwatin da ake jefa tsaba a ciki kafin a kunna kyandir ɗin Asabar, ranar hutunsu. In ka ga Bayahuden Amurka ya ba da gudummawar dala 18, ko 36, ko 180, lissafin haruffa ne: kowane harafin Ibrananci yana da lambarsa, kuma lambobin haruffan kalmar "hai", wato rai, in an haɗa su 18 ne, 36 da 180 kuwa ninkinta ne.