Sautin kewaye na 5.1 a talabijin mai tsantsar hoto

Sautin kewaye tsari ne na raba sautin shiri zuwa hanyoyi da yawa, kowace hanya da lasifikarta, ta yadda mai kallo zai ji sauti daga gabansa da gefensa da bayansa. Wanda ya fi yaɗuwa a talabijin mai tsantsar hoto shi ne 5.1: hagu, tsakiya, dama, biyu na baya, sai ta shida mai ɗaukar rugugi kaɗai, wato amon da bai wuce Hz 120 ba (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne). Ƙarancin abin da take ɗauka ne ya sa ake lissafa ta da ".1".

Tarihi

Daga sinima abin ya faro. Kamfanin Disney ya gwada tsarin Fantasound a 1940, amma tsadar kayan ta hana shi yaɗuwa. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Dolby ya fito da dabarar cusa hanyoyi huɗu a cikin biyu, a warware su wajen kunnawa. Dabarar ta shiga gidaje da sunan Dolby Surround wajen 1982, sannan Pro Logic a 1987. Rauninta shi ne hanyar baya guda ɗaya ce, kuma sauti kan zurara daga wannan hanya zuwa waccan. Dolby Digital, wanda ake kira AC-3, ya magance haka a 1992 da hanyoyi shida mabambanta, wani tsarin mai suna DTS ya biyo baya a 1993. A Disambar 1996 hukumar sadarwa ta Amurka ta amince da ma'aunin talabijin na dijital mai suna ATSC, wanda ya ɗauki AC-3. Japan ta zaɓi tsarin sauti na AAC, Turai kuwa ta fara da na MPEG kafin ta buɗe ƙofa ga AC-3.

Jera lasifikoki

Shawarar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya mai lamba ITU-R BS.775 ce ginshiƙi. Ta tsakiya tana fuskantar mai kallo kai tsaye, hagu da dama a digiri 30, na baya tsakanin digiri 100 da 120, duk a nisa ɗaya kuma daidai tsayin kunne. Idan ɗakin bai ba da dama ba, a saka nisan kowacce a na'urar ƙara sauti ta daidaita jinkirin. Akan karkatar da amon da ke ƙasa da Hz 80 zuwa lasifikar rugugi.

Matsaloli

Wayar haske (optical), mai kai sauti daga talabijin zuwa na'urar ƙara sauti, tana ɗaukar 5.1 ne kawai idan an matse shi, wato an rage girman bayanansa. Wanda ba a matse ba, hanyoyi biyu take kaiwa. Wayar HDMI kuwa na kai takwas ko fiye. Sau da yawa lasifikokin baya kan yi shiru don an bar saitin sautin talabijin a kan PCM, wato sautin da ba a matse ba, sai a mayar da shi Bitstream, mai tura matsattsen sautin yadda ya zo. Wata matsalar ita ce magana ta nutse cikin kiɗa: wajen haɗe hanyoyi shida zuwa biyu don talabijin mai lasifika biyu ana rage ta tsakiya, inda magana take, da kusan desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti), ana kuma yar da ta rugugi. Haka nan murya kan riga motsin baki, domin sarrafa hoto ya fi ɗaukar lokaci. Jinkirta sautin a saiti ke gyara shi.

Sababbin tsare-tsare

Dolby Atmos, wanda ya fito a 2012, ya ƙara sauti daga sama. Sabon ma'aunin ATSC 3.0 na amfani da tsarin sauti na AC-4 ko MPEG-H.