Wuta ta tashi gidanka, wa doka ke kamawa?

Tun da ɗarin nan ya shigo ake ta tura wani vokal a gurup-gurup na WhatsApp, wai duk wanda gobara ta tashi gidanshi in ya kira 'yan kwana-kwana shi zai biya kuɗin ruwa da na man mota, kuma daga nan komisariya za a wuce da shi. Har gwaggona ta ce min ita in tsautsayi ya faɗa gara ta tara maƙwabta da bokitai da ta jawo ma mai gidanta ɗauri. Na ce gwaggo wa ya gaya miki, ta ce ai kowa ya sani. To ba haka ba ne.

A nan Nijar lambar 'yan kwana-kwana, 18, kyauta ce, ko babu kiredi a wayarka tana shiga, kuma pampiye, wato su 'yan kwana-kwanan, ma'aikatan gwamnati ne, kashe wuta aikinsu ne ba ciniki ba. Tambayoyin da ake yi bayan wuta ta mutu, daga ina ta fara, mi ke cikin ɗakin, na rahoto ne, kuma nan gaba za ku ga rahoton nan sau da yawa mai gidan da ya ƙone yake taimako.

Doka ba ta ɗauki tashin wuta gidan mutum laifi ba. Wanda ya cinna ma gida ko shago ko rumbu wuta da gangan shi ne mai babban laifi, ɗaurin shekaru ne. Sai wanda sakacinshi ya jawo wani ya mutu ko ya ji rauni, shi ma ana iya gurfanar da shi kan kisa ko rauni ba da niyya ba. Wanda ya yi asara kawai ba tare da sakaci ba, babu abin da ya haɗa shi da gidan kaso.

Inda rikicin yake shi ne biyan diyya, kuma nan nake so 'yan haya su buɗe kunne. Kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa yana da aya ta 1733, ta ce in gidan haya ya ƙone ɗan haya ne ke da alhaki gaban mai gida, sai fa in ya kawo hujjar ɗaya cikin uku: abu ne da ya fi ƙarfin ɗan adam kamar tsawa, ko aibin ginin ne da kanshi, ko wutar daga gidan maƙwabci ta tsallako. Ku lura, ba mai gida ne zai tabbatar kai ka yi sakaci ba, kai ne za ka tabbatar da abin da ya fid da kai. Ka rantse ba ka bar risho a kunne ba, ba ka bar garwashi ba, duk bai isa ba in ba a gano musabbabin ba. A gidan da 'yan haya ke da yawa tsakar gida ɗaya kuma, aya ta 1734 dukansu take tambaya, sai an gano ɗakin da wutar ta fara, ko mutum ya nuna ba ta yiwuwa daga nashi ta tashi.

Ni dai gaskiya ayar nan ta yi ma ɗan haya nauyi. An rubuta ta tun 1804 a ƙasar da ba ta san kuran ba a lokacin, yau ga mu a Maradi inda za ka kama gida ka tarar da waya siririya an jona ta da salatif cikin silin, kwanta ɗaya gida huɗu ke ja, a ɗauke wuta a maido ta da ƙarfi. Eh, wannan yana iya shiga aibin gini, amma bayan komai ya zama toka da mi za ka nuna? Shi ya sa ranar da ka karɓi makulli ka ɗauki hoton wayoyi da priz-priz, duk wanda ya yi baƙi ko yake tartsatsi ka tura ma mai gida saƙo a rubuce ka adana, kada ka tsaya ga "Alhaji na dai gaya maka" a bakin masallaci. Nan ne kuma rahoton pampiye ke amfani, wanda ya kashe wutarshi a ɓoye don tsoro ya zubar da shaidarshi da hannunshi.

Tsakaninka da maƙwabci kuwa abin juyawa yake. Aya ta 1384 ta ce in wuta ta tashi wajenka ta ci gidan wani, shi ne zai tabbatar da laifinka ko na waɗanda ke ƙarƙashinka, 'ya'yanka ƙanana ko yaron shagonka. Don ta fara daga ɗakinka kawai ba ya sa ka biya. Amma kada wani ya yi murna da wuri, jarkokin ruwa-ruwa, wato esans, da ake jibgewa bayan ɗaki kusa da madafa, da butalin gaz mai tiyo da ya tsage an ɗaure da roba, da harawa da kara bisa rufi dab da wayar kuran, da kaskon garwashi da aka kwana da shi kusa da gidan sauro, ba sai alƙali ya sha wahala ba kafin ya kira su sakaci. Na sani yawanci maganar wajen mai unguwa take ƙarewa, a ce ƙaddara ce a yafe, sai dai yafiyar nan kyauta ce, wanda ya ƙi yafewa doka ta ba shi hanya.

Akwai kuma masu cewa an hana rumfar kara a gidaje. Abin da aka hana bayan gobarar 8 ga Nuwamba 2021, wadda ta ci ran yara sama da 20 a nan garin, Allah ya jiƙansu, shi ne azuzuwan zana na ƙananan yara 'yan jardan. Rumfar gidanka ba ta ciki.

In abin ya faru, a fid da yara da tsofaffi tukuna, a kashe kwanta kafin kowa ya watsa ruwa, a rufe kan gaz in ana iya kaiwa gare shi. Mai in ya kama a tukunya murfi ake kifawa, esans kuma ƙasa ake zuba mai, ruwa yaɗa shi yake. Mai kiran 18 ya faɗi kartiye da wata alama da kowa ya sani, "Zariya bayan masallaci" kaɗai ba ta kai mota ko'ina, a tura yaro bakin titi ya tare su. Gwaggo dai na sa mata lambar a waya, na kuma rubuta ta da gawayi a bangon madafa don ta ce ita ba ta iya neman suna cikin waya in hankalinta ya tashi.