Tsohon harsashi bai mutu ba

An daɗe ana cewa harsashin bindiga in ya shekara da yawa ya mutu, don haka ba laifi a huda shi a rataya makullai ko a yi ado da shi. Ganin tsatsa ne ke sa a yarda da hakan, amma ba haka abin yake ba.

Harsasan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, da yawansu suna tashi har yau muddin laima ba ta shige su ba. Albarushin a rufe yake ruf, ɗan maɓallin da ke gindin harsashin kuwa bugu ko zafi kawai yake jira. Ko an ga alamar bugu a maɓallin, kada a saki jiki, domin wani harsashin yakan ƙi tashi da farko.

Kwanson harsashin da ake iya sarrafawa shi ne wanda bakinsa ke buɗe, cikinsa wayam, gurbin maɓallin ma fanko, har ana hango haske ta ramin. A wanke hannu bayan taɓawa saboda dalma. Harsashin da har yanzu kansa ke toshe da bakin kwanson kuwa, kada a huda, a buga ko a kai shi kusa da wuta. A sanar da 'yan sanda.

Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.