Waiwaye: Yadda takardar sakin Kano ta zama abin gardama a kotunan Ingila

A Kano saki ba ya jiran alƙali. Miji ya furta, ko ya yagi fallen takarda ya rubuta "na sake ki saki ɗaya", mace ta yi idda, magana ta ƙare. Rigima sai ranar da ɗayansu ya sake aure aka nemi bizar bin miji ko mata zuwa Birtaniya. Jami'in biza zai tambayi hujjar mutuwar auren farko, don in a dokar Birtaniya yana nan, na biyun ma ya shiga tangal-tangal.

Asalin gardamar ba daga Nijeriya ta taso ba. A 1979, a shari'ar Quazi, kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta amince da sakin Pakistan, saboda dokar Pakistan ta 1961 ta tilasta wa miji sanar da hukuma a rubuce, a jira kwana 90. A 1984 kuwa, a shari'ar Chaudhary, aka ƙi sakin baki da aka yi a Kashmir, tunda babu hannun hukuma a ciki.

Dokar iyali ta Birtaniya ta 1986 ta raba abin gida biyu. Sakin da ya bi ta kotu ko hukuma sharuɗɗansa masu sauƙi ne. Na baki ko na fallen takarda kuwa sai ƙasar da aka yi shi ta kasance mazaunin dindindin na ma'auratan, ko na ɗayansu in ƙasar da ɗayan ke da mazaunin dindindin ita ma ta yarda da sakin, kuma babu wanda ya shafe shekarar da ta gabaci sakin yana zaune a Birtaniya. Nan mutanenmu suka fi faɗawa. Magidanci yana aiki a Manchester, ya zo hutun Sallah ya saki matarsa a Gwale, ya ɗaura sabon aure. A shari'ance ba shi da laifi, amma Ingila ba ta san an yi saki ba. Wanda ya turo sakin ta WhatsApp daga can, nasa ya fi muni, domin a Birtaniya kotu kaɗai ke raba aure.

Tun dokar shige da fice ta Birtaniya ta 2014 aka taƙaita ɗaukaka ƙara in an hana biza, sai ta ƙofar haƙƙin zaman iyali, cikin kwana 28 ga wanda ke waje. Sai a garzaya yin takardar rantsuwa, wadda a ganina ake ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta: tana shaida an yi saki, ba ta mayar da shi na kotu. Matar da ta yi khul'i a gaban alƙalin kotun Musulunci ta fi su riƙe hujja.