Takobin soso na wasan LARP: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Zan iya sa katako ko rodi a cikin takobin?

A'a. Katako yana karyewa ya bar tsini, ƙarfe kuma yana da nauyin da babu soson da zai danne shi. Sandar ciki ta zama bututun roba na PVC ko sandar fayiba irin ta tanti.

Mene ne wasan ma tukuna?

LARP taƙaitawa ce ta Turancin "live action role-playing": mutane ne ke sa tufafin mayaƙan almara, su fita fili su yi yaƙin wasa da makaman da aka lulluɓe da soso. A Amurka ƙungiyar Dagorhir ta fara a 1977 a yankin birnin Washinton, Amtgard kuma a 1983 a El Paso ta jihar Texas. A Jamus akwai manyan taruka irin su Drachenfest, inda dubban mutane ke haɗuwa.

Soson tsohuwar katifa zai yi?

Ba zai yi ba a jikin takobi, domin yana lotsewa gaba ɗaya, wanda aka doka kuma sandar ce za ta same shi. Ana bukatar soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, irin na tabarmar kwanan sansani ko wanda ake naɗe bututu da shi. Kada ka jefar da na katifar dai, yana da amfani a tsini.

Me ya sa sosona yake ɓallewa?

Saboda gaggawarka. Gam irin na masu gyaran takalmi ana shafa shi a fuskoki biyu, a jira kamar minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a danne. Ka yi aikin a waje ko inda iska ke ratsawa, nesa da wuta.

Yaya zan yi tsinin da za a iya suka da shi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta dogara da inda za ka yi wasa. A yawancin tarukan Turai, inda ake shafe takubba da ruwan roba don su yi kama da na gaske, an hana suka ɗungurungum sai da makamin da aka ƙera musamman don hakan, saboda haka idan can ka nufa, wataƙila wahalar banza za ka yi. A wasannin Amurka irin su Dagorhir da Belegarth ana yarda da suka, amma akwai gwaji: bai kamata tsinin ya shige ramin inci 2.5 cikin sauƙi ba, don kada ya shiga kwarmin ido.

Haɗarin shi ne bakin sandar ciki, wanda a hankali yake huda soso har ya leƙo. Ka fara toshe bakin da fata ko roba mai kauri, ka ɗaure da salatif sosai, ka ɗora faifan soso mai tauri biyu ko uku, kana ka sa soso mai laushi a can ƙarshe. Wasu suna manna ƙyalle mai ƙarfi a gefe biyu don kada tsinin ya karye, kuma a ganina hakan ya fi, ko da yake yana ƙara ɗan tauri. Idan tsinin ya yi tsawo zai lanƙwashe ya bar sandar ta doki mutum, idan ya yi gajere kuma bai kare komai ba, kuma ba zan ba ka awo ɗaya ba tunda kowace ƙungiya da nata littafin dokoki. Ko ka bi duk wannan, mai duba makamai yana iya danna shi da babban yatsa ya ce bai yarda ba, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Kada hakan ya dame ka. Takobin farko na mutane da yawa a wurin nan yake faɗuwa, gyaransa kuma aikin yamma ɗaya ne.

Gindin ƙotar ma sai an rufe?

Sai an rufe. Shi ma bakin sanda ne.

In naɗe shi da salatif sosai don ya daɗe?

Kada ka yi. Salatif da aka ja da ƙarfi ana zagayawa yana matse soso ya mai da shi kulki. Ka shimfiɗa shi a tsaye, daga tsini zuwa ƙota, ba tare da ja ba, ko ka ɗinka masa rigar yadi.

Me ya lalata mini takobi cikin wata ɗaya?

Ko ka jingine shi a kan tsininsa, ko ka bar shi a mota cikin rana har gam ya saki. Ka kwantar da shi a inuwa, kuma kafin kowane wasa ka bi jikinsa da yatsa daga sama har ƙasa. Duk inda ka ji sanda, ka cire soson wurin ka sake sabo.