Kwaikwayon Wutar Siginar Soja Don Kayan Shiga: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya haɗa shigar soja don wasan kwaikwayo, ko fim, ko taron masu shigar jaruman fina-finai, yakan tarar da aljihunan rigar yaƙinsa a lanƙwashe, babu komai ciki. Ɗaya daga cikin abubuwan da ake cike su da shi shi ne kwaikwayon wutar sigina. Ga tambayoyin da masu wannan sha'awa suka fi yi.

Mece ce wutar sigina, kuma wacce ya kamata in kwaikwaya?

Wuta ce mai launi da soja ko ma'aikacin jirgin ruwa yake harbawa sama, ko ya riƙe a hannu, don isar da saƙo daga nesa: ga inda muke, a kawo ɗauki, a fara, a dakata. Ta daɗe a duniya. A 1859 aka yi wa Martha Coston rajistar tsarinta na wutar sigina mai launuka, rundunar ruwan Amurka kuma ta yi aiki da shi a yaƙin basasar ƙasar. Daga baya wani hafsan ruwan Amurka, Edward Very, ya fito da ƙaramar bindigar harba ta, wadda har yau ake kira da sunansa.

Wacce za ka kwaikwaya ya danganta da sojan da ka yi shigarsa. Idan na yaƙin duniya na ɗaya ne ko na biyu, gajerun harsasai masu kauri ne na bindigar Very. Idan sojan ƙasa ne na Amurka daga zamanin yaƙin Biyetnam zuwa yau, bututun alminiyum ne mai tsawon kusan santimita 25 da faɗin kusan santimita 4, irin su M127A1 mai farar wuta da lemar da ke sauko da ita a hankali, ko M125A1 mai korayen taurari. Idan matuƙin jirgin sama ne, akwai guntuwa mai baki biyu irin Mk 13: baki ɗaya hayaƙi ruwan lemo don rana, ɗayan jar wuta don dare. Ga mai koyo, dogon bututun nan ya fi sauƙi, domin siffarsa miƙaƙƙiya ce, ba ta da lungu.

Za a iya sa ta yi ɗan hayaƙi ko tartsatsi?

A'a. Abin da ake haɗawa a nan ɓawo ne kawai, cikinsa fayau. Ba ashana, ba garin wasan wuta, ba komai mai kamawa. Ta gaske tana ci da zafin da ke narkar da tufafin roba a jikin mutum, ga shi yawancin rigunan shiga da leda-leda ake saƙa su. Abin da za a ɗaura a ƙirji, a shiga da shi cikin cunkoson jama'a, ba wurin gwaji ba ne.

Akwai kuma maganar doka. Jar wuta a sama alama ce ta neman agaji da dokokin teku na duniya suka amince da ita, kuma a ƙasashe da yawa laifi ne a nuna ta babu dalili. Masu fim da ke son a ga wuta tana ci, ko dai su ɗauki ƙwararre mai lasisi, ko su ƙara ta a kwamfuta bayan ɗauka.

To da me zan yi jikin?

Kwalin da ke tsakiyar naɗin takardar goge hannu ta kicin ya yi kusa da girman da ake so, sai dai a rage masa tsawo. Matsalarsa laushi. Kwalin da ake naɗe takardar alminiyum ko zanen taswira a kai ya fi ƙarfi, idan aka samu mai faɗin da ya dace. In mai laushin kaɗai ke hannunka, naɗe wani kwalin ka cusa a ciki ya tokare shi.

Babban abin da ke tona asirin kwali shi ne layin nan da ya murɗe daga sama har ƙasa. Ko an shafa fenti sau biyar yana nan yana leƙowa. Maganinsa a naɗe bututun da takarda mai santsi da kauri, a manna da farin gam na kafinta, a bar haɗin ya faɗo ta bayan da zai jingina da jiki. Idan ya bushe a shafa gam ɗin da aka tsinka da ruwa sau biyu, a goge da sanfefa mai laushi.

Bututun roba na famfo mai faɗin milimita 40 ma yana yi, kuma ya fi jure wahala. Amma ina da ja a kansa. Bututun famfo da aka toshe bakinsa biyu da murafensa na asali kama yake da bam ɗin gida, kuma jami'in tsaro ba zai tsaya jin bayani ba. In za a yi da shi, a bar baki ɗaya a buɗe, kada kuma a gasa shi a wuta don lanƙwasawa, hayaƙinsa guba ne.

Murfi kuwa, duba murafen gwangwanin turare ko na kwalbar magani, a samu wanda ya zauna daidai. A ta gaske, murfin ne ake cirewa a mayar ƙasan bututun a buga da tafin hannu, don haka murfin da ke cirewa ya ƙara wa kwaikwayon kama, ɗan wasa kuma ya samu abin yi da hannunsa a gaban kyamara.

Yaya kwali zai koma kamar ƙarfe?

Nan ne aikin yake, nan ne kuma mutane suka fi gaggawa. Hanya biyu ce. Ta farko salatif na alminiyum, irin wanda masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki suke liƙe bututu da shi. A manna shi a tsaye, a murje da bayan cokali har ya kwanta sumul, sannan a bi shi da soson ƙarfe mai laushi ta fuska ɗaya. Zai ba da wannan dusasshen ƙyalli na alminiyum da fenti ba ya iya bayarwa, har sanyin ƙarfe za a ji in an taɓa. Ta biyu fenti: baƙi ko toka a ƙasa, ruwan azurfa a sama, feshi sama-sama sau uku maimakon a tula sau ɗaya ya zubo. A yi feshin a waje, inda iska ke kaɗawa. Idan akwai farin soso irin na cikin kwalin kayan lantarki a jikin aikin, a rufe shi da gam tukuna, domin fentin feshi cinye shi yake yi.

Sai tsufantarwa. Kayan soja ba sa ƙyalli kamar kwanon amarya. A tsinka baƙin fenti da ruwa sosai, a shafa, a goge da tsumma tun bai bushe ba, dattin zai maƙale a gefen murfi da lunguna. A goga bakin fensir a gefuna. Kada dai a wuce gona da iri: wutar sigina sau ɗaya ake harba ta, ba ta shekara goma a hannu kamar bindiga. Ƴan ƙarce-ƙarce na gogar aljihu sun isa.

Rubutun jiki fa?

Daga taku biyar, rubutun ne ido yake fara kamawa. Na gaske baƙaƙen manyan haruffa ne marasa ado: sunan abin, lambar samfurinsa, lambar rukunin da aka ƙera, wani lokaci da zanen yadda ake riƙe shi. Nemi hotunan gidajen tarihi na soja, ka auna girman haruffan da tsawon bututun. A buga a siririyar takarda ko a leda mai gam wadda ake gani ta cikinta, a manna, a bi da man kariya marar ƙyalli don gefen takardar ya ɓace.

A ƙasan bututun, inda kyamara ba ta gani, rubuta da alƙalami mai kauri cewa kayan wasa ne, babu komai ciki. Wasu suna zagaya shuɗin layi, saboda a tsarin sojojin NATO shuɗi launin kayan atisaye ne.

Ya yi sakayau da yawa. In zuba yashi?

Ta gaske ta kai kusan rabin kilo, don haka ƙorafin yana da tushe: abu marar nauyi yana rawa a aljihu, yana nuna kansa. Amma gari ko yashi a cikin rufaffen bututu shi ne ainihin abin da na'urar bincike take tsayawa a kai. Gara guntun sandar tsintsiya ko muciya, a naɗe da tsumma a tura ciki, yadda za a iya zaro shi a nuna. Kuma in za ka yini da guda huɗu a ƙirji, da yamma za ka gode wa rashin nauyin.

Ina son ta yi haske a dandamali.

Jar fitilar bayan keke mai ƙiftawa, a sa a bakin bututun, a rufe da farar leda ko audugar matashi don hasken ya bazu. A ɗaki mai duhu tana gamsarwa ƙwarai. Sandar nan mai haske da ake karyawa ma tana yi, ba ta buƙatar batir, ba ta zafi. Fitilar dai ta zama mai cirewa, kada a binne waya da batir a ciki.

Bindigar Very ɗin fa, a haɗa ta?

Wannan wani babi ne. Duk abin da ya yi siffar bindiga, dokar kwaikwayon makami ta hau kansa, kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, misali, bindigogin wasa da ake sayarwa sai da alamar ruwan lemo a baki, ko wata alamar da doka ta amince da ita. Harsasan kaɗai sun fi sauƙi: guntun kwali, gindi mai fentin ruwan tagulla, da ɗigon launi a kai.

Zan iya tafiya da ita a jirgi, ko in shiga taro?

Jirgin sama, kada ka gwada. Hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ta hana kwaikwayon abubuwan fashewa a jakar hannu da ta kaya baki ɗaya, filayen jirage da yawa kuma haka suke yi, ko da abin kwali ne. Idan taron na nesa ne, tafi da takardun rubutun da salatif, ka haɗa a can. Manyan tarukan shiga suna da teburin duba kayan wasa a ƙofa, wasu ma sun hana irin wannan gaba ɗaya, don haka karanta ƙa'idarsu kafin ka ɓata dare kana fenti. A hanya kuma a bar ta cikin jaka, sai an shiga zauren a sa ta a aljihun riga.